Aikin Bazara a Hannun Dattawan Birnin Kudu da Gwaram

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wato kudancin Jihar Jigawa inda ta yi iyaka da Jihar Bauchi, bazara ita ce tsakanin janyewar sanyin hunturu da saukar ruwan shuka, kuma galibi takan kama daga ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris har zuwa ƙarshen Mayu ko shigowar Yuni. Baƙo zai iya ɗauka lokacin zaman banza ne, domin gonakin tudu a bushe suke, rana tana dukan ƙasa tun da hantsi, samari da yawa kuma sun tafi cin rani Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal. Amma wanda ya san ƙauye ya san cewa a waɗannan watanni ake aza harsashin damina, tun daga irin da za a shuka har zuwa ko ɗakin ƙasa zai kai Satumba a tsaye. Mafi yawan wannan aiki a cikin gida ake yin sa, kuma yana hannun waɗanda ba su je ko'ina ba, wato dattawa maza da tsofaffin mata da jikokin da aka bar musu.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, Kanada da arewacin Amurka, cibiyoyin da tsofaffi ke zuwa su wuni sukan cika makonnin ƙarshen sanyi da ayyuka biyu: renon tsirrai a ƙananan tukwane a bakin taga kafin ƙasar waje ta yi ɗumin da za a dasa su, da kakkaɓe ɗakuna da fitar da tarkacen da ya taru. Da gangan masu kula da cibiyoyin suke tsara haka, domin sun lura cewa tsohon da ke jiran wani abu ya tsiro, yake kuma da dalilin miƙewa kowace safiya, ya fi wanda aka ajiye a gaban talabijin walwala da ƙarfin jiki. A kudancin Jigawa mutum yana tsufa ne a gidansa, a tsakiyar 'ya'ya da surukai da jikoki, saboda haka abin da waɗancan ƙasashe ke ɗaukar ma'aikata su gudanar, a nan al'ada ta daɗe da shimfiɗa shi, kuma ya fi nasu nauyi tunda abincin gida na shekara ya rataya a kansa. Sai dai tsarin ya fara sassautawa ta wasu wurare, ga shi kuma ana gudanar da shi a lokacin da ya fi kowane zafi a shekara.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Birnin Kudu sun haura 300,000, na Gwaram kuma sun haura 270,000, mafi yawansu manoma da makiyaya a garuruwa irin su Kangire, Kiyako, Wurno, Sundimina da Bamaina a ɓangaren Birnin Kudu, da Sara, Basirka, Fagam, Kila da Farin Dutse a ɓangaren Gwaram. Nan ne sashen jihar da ya fi samun ruwan sama, domin a shekara mai kyau yakan kusanci milimita 1,000, abin da ƙasar Gumel da Maigatari ba ta samu, shi ya sa dawa da masara da gyaɗa da shinkafar fadama suke zaune tare da gero da wake da riɗi. Ruwan da ke raya gonar shi ne kuma ke cin katanga, musamman a Yuli da Agusta. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masu binciken tarihi suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950, shaida ce cewa zama da dabba a wannan ƙasa tsohon abu ne ƙwarai, kuma har yau dabbar gida tana cikin kowane lissafi na bazara, domin ita ke ba da taki, ita kuma ke cinye shuka.

Aikin farko na dattijo lissafin lokaci ne. Malamai da tsofaffin manoma suna ƙirga shekarar noma da taurari 28, kowane yana ɗaukar kwana 13 in ban da guda ɗaya mai kwana 14, kuma an raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara, damina, kaka da ɗari. Taurarin bazara suna ƙarewa da Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza Mai 'Ya'ya, da Dabaran, daga nan Haƙ'a ta buɗe damina. Ana haɗa wannan da alamun da ido ke gani, kamar juyawar iska daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da dawowar shamuwa, da tohon itatuwa tun ba a ga ɗigon ruwa ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da nata hasashen a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a rediyo, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauki ɗaya a yar da ɗaya. Amfanin dattijo a nan shi ne haƙurin wanda ya sha ganin ruwan farko ya yaudari mutane, ya sauka da ƙarfi a watan Mayu aka ruga aka shuka, sannan ya ɗauke na mako biyu ko uku har tsiron ya ƙone. Shi ke cewa a dakata, ko ya yarda a yi binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi a can, kuma ya san cewa binne caca ce da iri, wadda ba a yin ta sai gida yana da na sake shukawa.

Batun iri shi ne zuciyar aikin. Tun da kaka manomi mai lura yake ware manyan zangarniyoyi masu cikakken ido daga gonar da ba ta yi cuta ba, ya ɗaure su dami daban, ya ajiye a saman rumbu ko ya rataye a ɗaki. Da bazara sai a sauke su, a sussuke a hankali don kada ƙwayar ta fashe, a sheƙe, sannan a zauna a tsince wadda ƙwaro ya huda da wadda ta yi baƙi ko ta motse. Wannan zama ne na inuwa da faifai a cinya, ba ya buƙatar ƙarfin damtse, yana buƙatar ido da sanin kaura daga farafara, da gero daga maiwa, da kanannado daga waken da ke saurin nuna. Haka ɓarar gyaɗar iri, wadda ake jinkirtawa sai shuka ta kusa, domin gyaɗar da aka ɓare da wuri tana saurin mutuwa a zafi. Tsofaffin mata kuwa suna riƙe da wani rumbun daban wanda maza ba su cika lissafa shi ba: busassun kuɓewa da aka bari da 'ya'yansu aka rataye inda hayaƙin murhu ke taɓa su, da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, da irin rama, kabewa, karkashi da lalo, kowane a ƙullin tsumma ko a cikin gora ko kwalba an barbaɗe shi da toka don korar ƙwari. Yawancin waɗannan ba a sayar da su a shagon kayan noma, kuma idan tsohuwar da ke ajiye su ta rasu ba wadda ta karɓa, wani nau'in kuɓewa ko kabewa da unguwa ta saba da shi yakan ɓace ba wanda ya lura.

Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa, wanda ya dace da hannun tsoho ƙwarai. Ana ƙirga ƙwaya 100 daga irin da za a shuka, ba tare da zaɓen masu kyau ba, a jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana biyar zuwa bakwai sai a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun kai 85 ko fiye, irin lafiyayye ne; idan sun yi ƙasa da haka sosai, ko dai a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a nemi wani tun kasuwa ba ta tashi ba. Amfanin yin wannan a watan Afrilu shi ne yana ba gida lokacin gyara, maimakon a gano a gona a watan Yuni. Ingantattun iri irin su nau'o'in gyaɗar Samnut da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, da geron Sosat, sun shiga yankin, kuma ana iya ajiye su a sake shukawa na wasu shekaru, amma masarar aure, wato wadda aka haɗa daga iyaye biyu a kamfani, ba ta maimaita amfaninta idan aka ajiye 'ya'yanta, kuma wannan bambanci ne da ya kamata a bayyana wa dattawa dalla-dalla domin ya saɓa wa abin da suka gada. Haka maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka guba ne, bai kamata a cuɗa shi da hannu tsirara ko a ƙwaryar abinci ba, kuma ragowar irin da aka cuɗa ba ya komawa tukunya ko gaban kaji.

Babbar barazana ga iri ita ce yunwa da buƙata. Bazara lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, ga bukukuwa, ga rashin lafiya, kuma a gidan da babu babban da ake jin nauyinsa, damin iri yakan tafi kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu a wata rana ta matsi. Kalmar dattijo cewa iri ba a taɓa shi ta ceci gonaki da yawa.

Lambun tsakar gida shi ne ɓangaren da ya fi kama da abin da ake yi a waɗancan cibiyoyi na ƙasashen sanyi, ko da yake a nan rana ake ɓoye wa tsiro, ba sanyi ba. A yawancin gidaje akan sami zogale ɗaya ko biyu a jikin katanga, da lalle, da ɗoɗɗoya ko na'ana'a kusa da randa, wani lokaci da gwanda ko lemun tsami, kuma idan aka bincika za a tarar tsoho ko tsohuwar gidan ce ta dasa. Dabarar da ta fi kowace armashi ita ce dasa abu a wurin alwala: dattijon da ke zama a kan dutse ɗaya da butarsa sau biyar a rana yana shayar da zogalen da ke gabansa ba tare da ya ɗebi ko moɗa ɗaya dominsa ba, kuma a watan da rijiyoyi ke ja da baya, 'yan ga-ruwa kuma suka ƙara kuɗin jarka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan wankin shinkafa da na wanke ganye su ma suna da amfani. Ruwan da ya sha omo ko bilic yana ƙona saiwa idan ya yawaita, ruwan da ya fito daga makewayi kuwa bai kamata ya kusanci ganyen da za a ci ba.

Inda fili ya yi kaɗan ko ƙasar gidan ta yi tauri, ana noma a buhu. Ana samun tsohon buhun shinkafa ko fasasshiyar roba ko randar da ta tsage, a huda ƙasanta don ruwa ya riƙa tsiyaya, a cika da ƙasa mai kyau kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ƙara yashi idan ƙasar laka ce. Sharaɗin takin shi ne ya ruɓe har ya huce ya koma baƙi, domin ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙone ƙaramin tsiro. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, rama da yakuwa da lalo suna biye, zogalen da aka datse kansa a daidai ƙugu kuwa yakan yi rassa ya ba da ganye a inda hannu ke kaiwa, maimakon ya miƙe sama sai an nemi sanda. Wanda ke son tattasai, attaruhu ko gauta a gonarsa ta damina yana iya renonsu a irin waɗannan buhuna a ƙarƙashin rumfar zana, ya dasa bayan mako huɗu zuwa shida idan ruwa ya zauna, ya riga maƙwabtansa kai kaya kasuwa. Idan aka ɗora buhunan a kan duwatsu ko tsohon benci, mai ciwon gwiwa ko baya yana iya kula da su a zaune, kuma kaji ba sa kai musu da sauƙi. Awaki dai sai an yi musu shinge na ƙaya ko kara, in ba haka ba aikin wata guda yana tafiya a hantsi ɗaya.

Darajar wannan ɗan lambu tana bayyana ne idan aka dubi tukunyar bazara. A watannin nan ɗanyen ganye yana wuya, tumatir yana tsada yayin da noman rani ke ƙarewa, miya takan koma kuka da busasshiyar kuɓewa kullum, tsoho kuma, wanda haƙoransa suka ragu, cin abincinsa ya ja baya, shi ya fi kowa cutuwa da abinci iri ɗaya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko ɗan alayyahu a fate, yana kawo sinadaran ƙarin jini da na lafiyar ido da ƙashi waɗanda tuwo da kuka kaɗai ba sa wadatarwa. Ga tsohuwa kuma akwai ɗan kuɗin kashewa, domin jika yana iya zagayawa da dafaffen zogale a unguwa, kuma wadda ke da nata na goro da sabulu ba ta jiran a ba ta.

Gyaran gida shi ne ɗaya rabin aikin, kuma a nan ne ilimin dattawa ya fi fuskantar ɓacewa. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara: kafin ruwa ana bin katanga a cike tsaga, a ƙara ƙasa a gindinta inda ruwan bara ya zaizaye, a hau rufin soro a toshe inda ya faɗa, a duba azara ko gara ta ci, a gyara indararo, wato bututun da ke zubar da ruwan rufi nesa da bango, a kuma buɗe rariya, ƙofar da ruwan tsakar gida ke fita ta ƙasan katanga. Rariyar da shara ta toshe tana iya mai da tsakar gida tafki a dare ɗaya, ruwan ya jiƙa gindin ɗaki har ya zauna, kuma rushewar ɗakunan ƙasa a kan masu barci abu ne da Jigawa ke gani a daminar da ruwa ya yi yawa, kamar ta 2022. Masu rufin kwano su ma ba su tsira ba, domin iskar da ke rako ruwan farko tana yaye kwanon da ƙusoshinsa suka saki, masu ɗakin jinka kuma suna buƙatar sabuwar baibaya. A daidai wannan lokaci ɗorawa ke nuna, kuma a da babu abin da ake yarwa a jikinta: yara su sha garin, tsofaffin mata su wanke kalwa su dafa daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba, ruwan da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a shafe bango da daɓe don kada ruwa ya ratsa. Siminti ya kori makuba daga gidaje da yawa, amma simintin da aka shafa a kan bangon ƙasa yakan ɓamɓare ya bar ruwa ya shige ta bayansa, kuma maginin gargajiya da ya san wannan yawanci ya haura shekara sittin.

Rumbu ma ana sharewa kafin sabon hatsi, a fitar da ragowar tsohon, a kakkaɓe, a toshe ramukan ɓera, a gyara duwatsun da ya hau. Wannan shara tana da haɗarin da ba a cika ambata ba, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma ya fi tashi da rani. Don haka ya fi kyau a yayyafa ruwa kafin shara don ƙura ta kwanta, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu, kada kuma a bar mai tari ko asma ya shiga ciki. Waken da ya rage ana iya juye shi a buhun PICS mai ciki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da an zuba magani ba. Sharar gida da ta turke kuwa ba ta ɓata, ana tara ta a juji ta ruɓe, a kwashe a mangala ko amalanke a kai gona. Abin da ya canja shi ne leda da matattun batura da fasassun kwalabe da suka cika jujin yau, waɗanda sai an tsince su, in ba haka ba su bi taki su shiga gona ko cikin tumbin dabba.

A nan ne ya kamata a faɗi wata magana da ba kowa ke son ji ba. Yayin da 'ya'ya suka sami abin hannu, alamar farko ta kyautatawa ita ce raba iyaye da aiki: «Baba, ka huta, mun ɗauki 'yan ƙwadago», ko «Inna, ki bari yara su yi». Niyyar mai kyau ce, kuma game da huɗa da ɗaukar kaya da hawan tsani daidai ce, amma idan ta kai ga raba tsoho da faifan irinsa da butar shayar da zogalensa, an cutar da shi da sunan girmamawa. Jikin da ya daina motsi yana saurin rasa tsoka da daidaiton tsayuwa, wanda kuma aka daina tambayarsa shawara yakan shiga shiru da ƙunci tun kafin wata cuta ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da ayyukan da ke ƙarfafa tsayuwa kwana uku a mako; shara, ban ruwa, tsugunawa da miƙewa a gaban shuka da ɗan tattaki zuwa gona suna cika wannan ba tare da an kira shi motsa jiki ba. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Don haka gyaran bazara ya kamata ya haɗa da hanyar da tsoho ke bi da dare daga ɗakinsa zuwa makewayi: a cike ramuka, a kawar da turmi da igiyar dabba da itacen da aka jibge, a rage tsayin dokin ƙofa, a kafa abin dafawa a bayan gida, a ajiye masa tocila a inda hannunsa ke kaiwa.

Zafin bazara kuwa ba abin wasa ba ne ga mai shekaru. A Afrilu da Mayu zafin rana a Jigawa yana haura digiri 40, jikin tsoho kuma ba ya saurin yin gumi, ba ya kuma jin ƙishi da wuri, ga masu hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60, kuma abin ya zo ne a cikin azumi. A 'yan shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa a bazara ko gab da ita, kuma shari'a ta yi rangwame ga tsohon da azumi ke galabaitarwa, ya ciyar a maimakonsa, ko da yake dattawa da yawa suna jin nauyin karɓar wannan sauƙi sai malami ya yi musu magana. Ƙa'idar aiki dai ita ce daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, da ruwa a kusa. Ruɗewa, jiri, ko fata ta yi zafi ta bushe alamu ne na a kai mutum inuwa a jiƙa jikinsa a nemi asibiti nan take, ko na kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Bazara kuma ita ce lokacin sanƙarau, wanda ɗaki mai cunkoso marar taga ke taimaka wa, sannan tarin kara da duwatsun da ake ɗagawa wurin shara maɓoyar kunama ce da kububuwa, shi ya sa ake fara tona su da sanda kafin a sa hannu.

A matakin ƙasa, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Janairun 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Jigawa kuma tana da tarihin tallafin wata-wata, domin a 2007 gwamnatin Sule Lamido, ɗan Bamaina, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000. Kuɗi a hannun tsohon manomi da bai taɓa aikin albashi ba, balle fansho, abu ne mai muhimmanci, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma shirin da ya tsaya a kuɗi yana kallon tsoho a matsayin mai karɓa kawai. Japan, wadda ta fi yawancin ƙasashe yawan tsofaffi, ta bi wata hanya tun 1975, inda aka fara a Tokyo da cibiyoyin da ke haɗa masu ritaya da ƙananan ayyuka kamar datse itatuwa, cire ciyawa da share wuraren jama'a, ana biyansu kaɗan, har abin ya zama doka a 1986 ya bazu ƙasar duka. Abin ɗauka a nan shi ne tunanin cewa aiki daidai ƙarfi yana cikin kulawa.

Kudancin Jigawa ba ya buƙatar a gina wa tsofaffi gidaje na daban kafin ya yi irin wannan. Hukumar bunƙasa noma ta jiha, JARDA, tana da malaman gona, kowace mazaɓa tana da ma'aikatan lafiya, kowace unguwa tana da mai unguwa da liman, kuma zama ɗaya a watan Maris a ƙofar gidan dagaci, wani kuma a cikin gida domin mata, ya isa a auna hawan jini, a gwada tsiron iri, a yi musayar irin kayan miya tsakanin tsofaffin mata, a kuma raba dashen zogale. Waɗanda suka fi buƙatar a tuna da su su ne tsofaffin da tsarin gida bai rufe ba: gwauruwar da 'ya'yanta suka yi nisa, da dattijon da bai haihu ba, da wanda ke riƙon marayu shi kaɗai. Ɗakunansu ne suka fi jimawa ba yaɓe, kuma gayya, wato taron aikin taimakon juna da aka saba yi a gona, tana iya gyara ɗaki uku ko huɗu a safiya ɗaya idan ƙungiyar matasa ta ɗauki abin. Sunayen irin waɗannan gidaje ya kamata su kasance a hannun mai unguwa kafin ƙarshen Afrilu, domin yaɓe yana buƙatar kwanakin rana kafin ya bushe, kuma da zarar ruwan shuka ya sauka duk mai ƙarfi yana gona.